Fitsarin Aro

Salamu alaikum mutanena. Yau ba zan ja gaisuwa ba, don tun ranar Litinin zama ya gagare ni. Na share tsakar gida sau uku, na wanke kwanukan da ba su yi datti ba, na ɗauki waya na ajiye har Inna ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni. Da yawanku kun dame ni da tambaya a sharhi: Hamdiyya ina labarin Waliyyu, an sa rana? To ga labarin nan, amma ba daga inda kuke so zan fara ba. Daga makewayi zan fara. Eh, bayan gida nake nufi, wadda take jin ƙyama ta toshe hanci ta biyo ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce 'yar fari a gidan Malam Ɗantsoho mai albasa, a nan Jega. Waliyyu kuma ɗan Aliero ne, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a garinmu, shi ne mai duba jini da fitsari. Shekararmu biyu tare. Jibi Asabar aka shirya manyansa za su zo da goro su nemi aurena a wajen Baba, har na karɓo ɗinkin atamfata ruwan ganye mai zanen zinari, tana nan rataye a bayan ƙofa ko gwadawa ban sake yi ba.

Ni ke wanke makewayin gidanmu kowace safiya, ni ke wankin Baba. Wata uku da suka wuce na fara ganin ɗigon ja a kan siminti, kusa da inda ruwa ke fita. Da farko na ce zoɓo ne wani ya zubar. Da na sake gani, na kuma gani a jikin farin wandon Baba, sai gabana ya faɗi. Na ɗauki wandon na kai wa Inna Tani, mahaifiyata, tana tankaɗe a gindin darbejiya.

"Ke wagga, mi kika nema cikin wandon babanki?" ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. Inna ba ta kiran sunana, kunyar 'yar fari ce, Baba ma haka.

"Inna, jini na hwa."

"To sai mi? Tsargiya ta. Tun yana yaro shika shiga ruwan hwadama. Wane namiji na bai yi ta ba? Da can in yaro ya hwara ta cewa aka ya girma. Jiƙa shi da omo ki ba ni wuri."

Na jiƙa, na ba ta wuri. Amma hankalina bai kwanta ba, don yaro daban, mutum mai shekara hamsin da takwas daban. Ga Baba da taba, kullum yana cewa gobe zai bari, goben nan tun ina firamare nake jiran ta.

Ana haka sai wata ƙungiya ta kawo gwajin fitsari kyauta asibitin su Waliyyu, na kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis. Manya ake nema, waɗanda suka haura arba'in, musamman masu aikin fadama da masu shan taba da duk wanda ya taɓa yin tsargiya. Da yamma da Waliyyu ya zo zance, muna zaune a dakalin ƙofar gida, yana sanye da shadda ruwan toka da hularsa da kullum take karkace, na yi kamar tambayar banza nake yi.

"Wai mi aka nema cikin hitsarin mutane haka?"

"Jini," ya ce. "Wani ana ganinai da ido, wani sai an tsoma wani siririn tsinke ya canza launi. Tsargiya in ta daɗe tana cin bangon mahitsara, shekara da shekaru, wani sai ta koma mai ciwon daji. Ba kowa ba. Jini ba shi nuhin daji dole. Amma wanda munka ga jini gare shi, sai mu aika da nashi babban asibiti a diba da kyau, a yi mai hoton ciki. In an kama abin da wuri ana magani, Hamdiyya. Matsalar mutanenmu ba su zuwa sai hitsari ya tsaya."

"Ko da ba shi jin zahi?"

"Wanda ba shi zahi shi na ma abin tsoro." Ya kalle ni. "Lahiya dai?"

"Lahiya lau," na ce. Jama'a, ku gaya mini, da wane baki mace za ta dubi saurayinta ta ce masa ubanta na fitsarin jini? Na haɗiye maganar.

Waliyyu yaro ne mai ladabi, kuma ladabin nasa ne ya jawo mana komai. Ya ce ba zai yiwu surukinsa ya bi layi da sauran manoma yana riƙe da roba a gaban jama'a ba. Ranar Litinin da sassafe sai ga shi da 'yan robobi biyu masu jan murfi a cikin baƙar leda, ɗaya ta Baba, ɗaya ta Baffa Bala, ƙanin Baba, direban motar albasa da ke zaune a Maiyama, wanda ya kwana a gidanmu. Har sunayensu ya rubuta a jiki da kyakkyawan rubutunsa. Ya ba ni a ƙofa ya ce su yi a gida cikin sirri, in kai masa kafin ƙarfe tara. Na ba Inna, Inna ta kai zaure ta ajiye ta fito da sauri kamar ta ajiye garwashi.

Na ɗauko kwanon kunu zan kai musu, ina isa bakin zaure na ji muryar Baba, sai na tsaya.

"Bala, diba nan. Sunana na wanga, da hannunai ya rubuta. Ni in cika wagga roba in miƙa ma yaron da za shi durƙusa gabana ran Assabar? Shi ɗaga ta sama shi diba, shi shinshina, sannan shi zo shi ce Baba ina wuni?"

"To ka ce ba ka yi mana."

"In ce ban yi, shi ce ina ɓoyon wani abu. Kowa na majalisa za shi yi."

Baffa Bala ya fashe da dariyar nan tasa mai haɗe da tari. "Kawo nan, Yaya. Bawali ai bawali na. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, nono ɗaya munka sha. Abin da ag gare ni shi ag gare ka. Na sha shayi kohi ukku, in cika ma huɗu ma in kana so."

Na leƙa ta tsagar ƙofa. Da idona na ga Baffa ya zuba robobin biyu a aljihun rigarsa ya nufi bayan rumbun albasa yana fito. Kunun ya yi ta ƙona mini yatsu ban ma ji ba.

Ga inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ni na ɗauki ledar nan. Na sa hijabina ruwan madara, na tari mai keke, na je asibiti, na miƙa wa Waliyyu da hannuna, har da murmushi. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari gimbiyata," ni kuma na ce, "Yawwa." A hanya ina ta gaya wa kaina zan faɗa masa, da na ga fuskarsa sai bakina ya mutu. Tsoro nake ji kada Asabar ta lalace. Wannan ita ce gaskiyar, ba kunya kaɗai ba ce, son kaina ma yana ciki.

Ranar Talata da hantsi wayata ta yi ƙara.

*Albishirinki. Na Baba ya hito, babu jini ko ɗigo. Alhamdulillah!*

Kafin in amsa wani ya shigo.

*Sai dai suga ya ɗan yi yawa, a rage mai zaƙi, kuma shi zo a gwada jininai. Baffa ma haka nan na gani, daidai wa daida. Abin gado na ke nan. Ke ma ki rage shan lemu tun yanzu.*

Har da 'yar fuskar dariya ya sa. Na zauna a bakin katifa ina kallon saƙon, ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba. Daidai wa daida mana, tunda rijiya ɗaya aka ɗebo. Na rubuta *Alhamdulillah* na tura, na ji kamar na yi ƙarya a cikin masallaci.

Da takardar ta iso gida Inna ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta ce ai ta faɗa tsargiya ce. Daga nan ta ɗauke gwangwanin suga ta kulle a akwatinta. Da yamma ta kawo wa Baba shayi salam ba suga, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Tani, mi na wanga?"

"Likita yac ce a rage ma zaƙi. Ga shi nan rubuce."

Baba ya dubi takardar. Me zai ce? Haka ya shanye shayin nan yana hararar kofin, ciwon Baffa ne amma shi ke shan horonsa. A wani lokacin da na yi dariya har in faɗi. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya fita majalisa, ina jiyo shi ta katanga yana cewa surukinsa ya duba shi ciki da waje, garau yake kamar ɗan shekara talatin.

Laraba da safe na shiga makewayi da tsintsiya da bokiti. Wannan karon ba ɗigo ba ne. Har da gudaji, baƙi-baƙi, biyu, a bakin magudana. Na tsaya riƙe da bokitin har hannuna ya sage. Na watsa ruwa na fito na shige ɗaki na kira Baffa Bala.

"'Yar Baffa! Amarya! Ina hanyar Sarandosa, yi magana da ƙarhi."

"Baffa, na ga abin da kunka yi ran Litinin."

Dariya ya fara yi. "Ke dai akwai ido. To mi a ciki? Na hutar da babanki kunya."

"Baffa, Baba jini shika yi. Wata ukku. Yau har da gudaji."

Ƙarar injin motarsa kawai nake ji. Can ya ce, "Bai gaya man ba." Ya maimaita. "Wallahi bai gaya man ba, Hamdiyya. Amma ni ba ni iya tunkarar Yaya da wagga magana, tun muna yara ban taɓa musa mai ba. Ki samu innarki."

"Inna ta ce tsargiya ta."

"To Allah shi sa ita ta," ya ce, ya kashe.

Washegari Alhamis ce ranar ƙarshe. Da azahar mota za ta kwashi fitsarin waɗanda aka ga jini a nasu ta kai babban asibiti, daga nan an rufe. Na yi ta zagaye ɗaki. Na zauna, na tashi, na buɗe saƙon Waliyyu na rufe. A ƙarshe na zuba tuwo da miyar kuka a kula, na ce wa Inna ni zan kai wa Baba abinci gona yau. Ta bi ni da kallo, don rabona da gonarmu ta Gehuru tun ina 'yar sakandare.

Ku da ba 'ya'yan fari ba ne ba za ku gane ba. Tunda na yi wayo ban taɓa zama na yi hira da Baba ba. In yana son abu a wajena sai ya gaya wa Inna ina tsaye a wurin, "Ce ma waccan ta kawo ruwa." In na gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, shi ke sayo mini kifi ya ba Inna ya ce kada ta ce shi ne. Amma maganar da ta wuce gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, yau kuma ga abin da zan fara da shi.

Na same shi tsaye cikin ruwa har idon sawu, ya naɗe wando, yana buɗe wa fangalin albasa hanya da fartanya. Injin ban-ruwa na ta kuka. Sai a ranar na lura da yadda ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ni ya tsaya cak.

"Lahiya? Wani abu ya samu innarku?"

"Lahiya lau Baba. Abinci na kawo."

Na durƙusa na ajiye kular a gindin mangwaro. Ban tashi ba. Shi ma bai matso ba. Na kafa idona a kan injin, shi na yi wa magana.

"Baba, ni ka wanke makewayi."

Ya gyara riƙon fartanyarsa.

"Kuma ina bakin zaure ran Litinin, sadda Baffa ya amshi robobin."

Ya sunkuya ya ci gaba da jan laka da fartanya, kamar da albasa nake magana. Tunda na fara sai na ƙarasa. Na gaya masa abin da Waliyyu ya ce, cewa jini ba ya nufin daji dole, cewa in an kama da wuri ana magani, cewa gobe da azahar za a rufe. Na ce in kunyar Waliyyu yake ji, mu tafi wani asibitin, ko Birnin Kabi ne, ni zan raka shi.

"In tai in ce musu mi?" ya ce wa albasar. "Ga takarda aljihuna ta ce lahiyata lau. Duk majalisa sun gani."

"Takardar Baffa ta, Baba."

Ya miƙe tsaye. Na ɗauka zai daka mini tsawa, har na runtse ido. Sai na ji muryarsa ta yi ƙasa.

"Kin san Ayuba na Jiga Makera? Tare munka yi wanka cikin gulbi muna yara. Bara anka kai shi asibiti kan irin wanga abu. Anka sa mai roba, anka rataya mai leda ga ƙahwa, ɗiyanai na ɗauka suna zubarwa. Wata biyu ya yi ya rasu. Ni gara in hwaɗi nan cikin albasata da mutuncina."

A nan na gane ba kunya kaɗai ke damun Baba ba. Tsoro yake ji, tsoro irin na wanda ya daɗe da sanin abin da yake gani kowace safiya. Tausayinsa ya kama ni har hawaye suka zubo.

"Baba, Ayuba sai da hitsari ya tsaya mai anka kai shi," na ce. "Kai ko da ƙahwarka kake."

"Ke wagga." Karo na farko ya juyo ya dube ni sosai. "Ki saurara da kyau. In yaron nan ya ji na aika mai da bawalin wani, ba ni iya haɗa ido da shi har in mutu. Wanda ko ba ni iya diban idonai, ba ni ba shi ɗiya. Kin jiya? Tashi ki tai gida, rana na yi."

Na tashi. Har na kai bakin hanya ban ji ya buɗe kular ba.

Mutanena, na san wasunku za su ce ai abin a fili yake, rai ya fi aure. Da baki kam a fili yake. Amma ku tuna shekara biyu nake jiran Asabar ɗin nan. Waliyyu ne ya tsaya mini lokacin da na faɗi jarrabawa kowa na yi mini dariya, shi ne yake tahowa daga Aliero cikin ruwan sama don kawai ya ce ya gan ni. Da yammar nan ya turo mini hoton hular da ya saya ta ranar, ya rubuta *Ta yi ko in canza?* Na rubuta *Ta yi.* Ya ce *Yau amsarki gajera ta, wa ya taɓa man ke?* Na kife wayar a kan katifa na fita na sake share tsakar gidan da na share.

Yau Alhamis ko karyawa ban yi ba. Na sa doguwar rigata baƙa, na zura hijabi ko hoda ban shafa ba, na ce wa Inna zan je karɓo ɗankunne wajen ƙawata Salma. Baba na zaure yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa, yau bai je gona ba, ya ce bayansa ke ciwo. Na gaishe shi, ya amsa wa bango.

Asibiti cike yake da dattawa, kowa da robarsa a ɓoye cikin hannun riga, ana ta zolayar juna. Na tsaya a tagar ɗakin gwaji har Waliyyu ya hango ni. Ya fito da farar rigar aiki da safar hannu, yana murmushi.

"Yau da wa na tashi? Gimbiya da kanta?"

"Waliyyu, robar da na kawo ma ran Litinin ba ta Baba ba ta."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya zame. Na gaya masa komai a tsaye, ban tsallake ko ɗaya ba, wandon, gudajin, Baffa da bayan rumbu, gonar Gehuru, har da sharaɗin Baba. Ya cire safar hannun ɗaya bayan ɗaya.

"Wata ukku," ya ce. "Kuma kina zaune kusa da ni kan dakali kina ce man lahiya lau."

"Na ji kunya."

"Ke kika kawo man ita da hannunki, Hamdiyya. Na sa hannu ga takarda na ce mutum lahiyarshi lau. Kin san mi wanga ka nuhi ga aikina? Kin san mi shika nuhi gare shi?"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya juya ya dafa bango, ya daɗe a haka.

"Ni ma da laihina," ya ce daga baya. "Da na bar shi ya bi layi kamar kowa, wani na daban ya amsa, da ba a kai nan ba. Na so in girmama shi na ɗaure shi." Ya shiga ciki, ya yi magana da abokiyar aikinsa, ya fito da sabuwar roba, ba suna a jikinta. Ya cire farar rigar, sai kuma ya tsaya, ya mayar da ita jikinsa ya ɓalla maɓallai har wuya. "Wuce gida. Ina bayanki."

"Ka ji hwa abin da yac ce. In ka sani, babu Assabar."

"Na jiya."

Na riga shi isa da 'yan mintuna, na shige ta gaban Baba na laɓe a bayan ƙofar zaure ta ciki. Na ji tsayuwar mashin, na ji sallama. Ta tsagar ƙofa na ga Waliyyu ya cire takalmi tun daga waje, ya shigo ya durƙusa har ƙasa da farar rigarsa a kan ɓawon albasa. Baba ya dubi rigar, ya dubi ledar hannunsa, sai ya kau da kai. Ya gane.

"Baba, yau ba neman aure ya kawo ni ba," Waliyyu ya ce, kansa a ƙasa. "Ma'aikacin asibiti na ya zaka. Takardar da na ba ka kuskure ta, na zo in gyara. In maganata da Hamdiyya ita ta tsaya tsakaninka da wagga roba, na janye ta. Ka ɗauka ba ka taɓa sanina ba. Mota na tashi da azahar."

Ya ajiye robar a kan tabarma, ya tura ta gaba kaɗan da yatsa biyu.

Wallahi na ji kalmar janyewar nan har cikin raina. Na toshe bakina da hijabi. Inna ta zo ta tsaya a bayana da ludayi a hannu.

Baba ya daɗe yana juya wata albasa a hannunsa. "Kai ka hwaɗa da bakinka," ya ce.

"Ni na hwaɗa, Baba."

Ya ajiye albasar. Ya ɗauki robar ya tashi da ƙyar yana dafa gwiwa, ya buɗe ƙofar da nake bayanta. Muka yi ido huɗu. Ya raɓa ni ya wuce makewayi. Minti biyar ɗin nan sun fi mini wata ukun tsawo. Da ya fito ya naɗe robar a cikin hankicinsa, ya koma zaure, ya miƙa yana kallon waje.

"Ungo, likita. Ka ce ma mutanenku Assabar su sha zamansu."

"To Baba. Allah shi ƙara lahiya."

Waliyyu ya karɓa da hannu biyu. Wajen sa ta a leda hankicin ya zame, na ga abin da ke ciki, ja ne kamar ruwan wankin nama. Na ga Waliyyu ma ya gani, na ga yadda ya gyara fuskarsa kafin ya miƙe. Ya sa takalmi ya tada mashin, bai waiwayo wajen ƙofar da ya san ina bayanta ba.

Bayan azahar saƙo ya shigo. *Mota ta tashi da shi. Sakamako kwana goma. A kai shi hoton ciki ran Litinin, na rubuta takarda tana wurin Altine mai ba da kati.* Shi ke nan. Babu gimbiya, babu fuskar dariya. Na karanta ya fi sau ashirin ina neman wata kalma da ta ɓuya, ban samu ba. Ni na nema, kuma da za a mayar da ni safiyar yau haka zan sake yi. Amma kada wata ta ce mini ba zafi, akwai zafi, ina jin sa yanzu da nake rubuta muku.

Ɗazu bayan la'asar ina ɗaki, Baba na kishingiɗe a tsakar gida, Inna na yi masa fifita. Tun safe bai yi magana da kowa ba. Sai na ji muryarsa ta taga, ƙasa-ƙasa.

"Tani. In an diba anka ga abin nan na, yanka mutum aka ko magani aka ba shi?"

"Ni ina zan sani, Malam?"

Inna ta ci gaba da fifita. Ni ma ban sani ba. Mutum ɗaya muka sani a duk Jega da zai iya ba shi amsa ta gaskiya, shi ne kuma wanda ya sallama da safe. Baba ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ce ma waccan ta tambayo shi."

Na ɗauki waya na rubuta wa Waliyyu. *Baba na tambaya, in shi na, aiki aka ko magani? Shi da kanshi yac ce in tambaye ka.* Na tura. Alamar ta nuna ya buɗe, ya karanta. Na ga ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Baba na tsakar gida yana jira, ni ina nan riƙe da waya, har yanzu bai turo ba.